Amsa ga nas ɗin da ta tambaya ko kwas ɗin ACLS ya cancanci kuɗinsa

Wata 'yar'uwa nas ta turo min tambaya, tace shekararta 6 tana aiki a imajensi na wani janar asibiti, an kawo musu tallan kwas ɗin ACLS na kwana biyu, wato horo mai zurfi kan farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, kuma kuɗin ba kaɗan bane, sannan duk asibitin nasu injin shokin zuciya guda ɗaya ne, shi ma bata taɓa gani an kunna shi ba. Tana so ta san me ake koyarwa a ciki, meye bambancinsa da BLS, wato horon farko na farfaɗo da zuciya, da ta yi tun tana makaranta, kuma anya akwai amfanin ta yi tunda kayan aikin ma babu.

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya saka da alheri da wannan tambaya. Ni likitan bada maganin barci ne a tiyata, ina kuma duba marasa lafiya a ɗakin kulawa ta musamman, kuma na jima ina koyar da wannan kwas ɗin, dan haka abin da zan gaya miki na gani ne da idona. Ki je ki yi. Amma dan Allah ki je da niyyar dawo da abin cikin ɗakinku, saboda katin da za a baki bai taɓa tada kowa ba, hannun da ya saba ne yake aikin, shi da abokan aikin da suka san inda kowa zai tsaya idan abu ya faru ƙarfe uku na dare.

Bari in fara warware wata kalma da take rikita mu, har mu ma'aikata. Da Hausa komai "bugun zuciya" muke ce masa. To abu biyu ne daban. Akwai wanda jijiyar da take kai wa naman zuciya jini ce ta toshe, mutum yana farke yana riƙe da ƙirji yana gumi yana magana, zuciyarsa tana aiki amma wani ɓangarenta yana mutuwa a hankali. Akwai kuma tsayawar zuciya, inda ta daina tura jini gaba ɗaya, mutum ya faɗi baya amsawa, baya numfashi ko kuma yana wata irin shaƙuwa jefi-jefi. Na farkon yana iya kai wa ga na biyun. Wannan shaƙuwar ki riƙe ta da kyau, ita ce mutanenmu suke kira gargara, kuma sau tari na ga ma'aikaci ya tsaya yana cewa ai yana numfashi, alhali zuciyar ta riga ta tsaya, wannan jan iskar ba numfashi bane. Daƙiƙa 10 kawai gare ki ki taɓa jijiyar wuya, idan baki tabbatar kin ji bugu ba ki hau ƙirji.

BLS shine tushe: gane cewa zuciya ta tsaya, kiran taimako, danna ƙirji, bada iska, da amfani da ƙaramin injin shokin mai sarrafa kansa wanda ake kira AED. ACLS kuma sai ya ɗora a kai, ki iya karanta monita ki san wane irin tsarin bugu kike gani, ki san wanda ake yi wa shokin da wanda ba a yi wa, magunguna da lokacin bada su, kula da hanyar iska, binciko dalilin da yasa zuciyar ta tsaya, da abin da za ki yi bayan ta dawo. Danna ƙirji kansa ba tsohon abu bane sosai, a 1960 ne Kouwenhoven da Jude da Knickerbocker na asibitin Johns Hopkins a Baltimore suka wallafa cewa ana iya tura jini ta hanyar danna ƙirji daga waje, kafin nan sai dai a tsaga ƙirjin a matsa zuciyar da hannu. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka, AHA, ita ta fito da kwas ɗin ACLS a tsakiyar shekarun 1970. A Ingila da Turai nasu sunansa ALS, kusan abu ɗaya ne da 'yan bambance-bambance, dukkansu daga rijiya ɗaya suke sha, wato kwamitin ILCOR da aka kafa a 1992 wanda yake tattara bincike. Duk bayan shekara 5 ake fitar da babban gyara, an yi a 2010, 2015, 2020, na baya-bayan nan kuma 2025. Shi yasa abin da aka koya miki a makaranta ba lallai ace shine a yanzu ba. A 2010 ma aka juya tsarin, da ana farawa da buɗe hanyar iska da hura numfashi, yanzu danna ƙirji ne farko.

Kuma wallahi duk abin da za a koya miki a kwana biyun nan babu wanda ya kai danna ƙirjin muhimmanci, shi ne kuma aka fi rainawa. Mutum ya zo kwas yana ɗokin a koya masa saka bututu a maƙogwaro, sai a ɗora shi kan mutum-mutumin roba mai auna danni, sai ka ga likita mai shekara goma yana aiki amma danninsa bai kai ba. Ana so sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 kar ya wuce 6, a tsakiyar ƙirji kan rabin ƙasa na ƙashin, kuma ki saki ƙirjin ya dawo daidai bayan kowane danni, kar ki jingina a kansa, domin a lokacin da ya dawo ɗin ne zuciya take cika da jini. Danni 30 iska 2 idan ba a saka bututu ba, idan an saka kuma ba a tsayawa, mai ambu, wato jakar robar da ake matsawa a hura wa mutum iska, yana bada iska ɗaya duk daƙiƙa 6. Nan ma akwai matsala, mai riƙe da ambu idan ya ruɗe sai ya dinga matsawa ba ƙaƙƙautawa yana ganin taimako yake, alhali iskar da ta yi yawa tana cika ƙirji ta hana jini komowa zuciya, ta kuma cika ciki har mutum ya yi amai ya shaƙe. Duk minti 2 a canza mai danni ko da yace bai gaji ba, ƙarfi yana raguwa tun kafin mutum ya ji a jikinsa. Gadajenmu kuma kin san su, katifa mai laushi ko waya da ta lotsa, kina dannawa gadon ne yake sauka ba ƙirjin ba, to a samu katako a tura ƙarƙashin bayansa, a samu ɗan benci mai danni ya taka dan kafaɗunsa su zo daidai saman hannunsa. Haƙarƙari yana iya karyewa, musamman tsofaffi, za ki ji ƙarar a hannunki kuma ba daɗi, amma kar ki tsaya. Duk tsayawar da za a yi, dan duba monita ne ko dan saka bututu, kar ta wuce daƙiƙa 10, saboda ƙarfin jinin da kika tara da ƙyar yana zubewa ne nan take kina ɗaga hannu, sai kin sake danni da yawa kafin ya dawo inda yake.

Sai karatun monita, wanda nake ganin shi yake bawa nas-nas tsoro, kuma ba abin tsoro bane. Idan zuciya ta tsaya abu huɗu ne kawai za ki iya gani. Biyu ana musu shokin: VF, inda zuciyar take karkarwa kawai kamar an zuba tsutsotsi a jaka, layin monita ya hargitse babu tsari, da kuma VT marar bugun jijiya, layi mai faɗi yana gudu da sauri. Biyu ba a musu: layi a miƙe, da PEA, wato monita tana nuna kamar bugu mai tsari amma kin taɓa wuya babu komai. Abin nan da ake nunawa a finafinai, layi ya miƙe a ɗauko inji a buga mutum ya farka, ba haka bane sam. Shokin ba kunna zuciya yake ba, kashe hargitsin wutar yake gaba ɗaya na ɗan lokaci dan asalin mai bada umarnin bugun ya karɓi ragama, to idan babu wutar ma me za a kashe. Idan kin ga layi a miƙe ki duba wayoyin ko sun cire, ki ƙara girman layin, amma ana dubawa ana danni. Injinan zamani ana sa su tsakanin jul (ma'aunin ƙarfin shokin) 120 zuwa 200 gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta, idan baki sani ba ki kai ƙarshe, tsofaffin kuma 360. Ana caji ana danni, sai an gama a ce kowa ya ja da baya, a janye oksijin daga kan ƙirji, mai bugawa ya duba da idonsa babu wanda yake taɓa gado, a buga, sannan a koma danni nan take ba tare da tsayawa neman jijiya ba sai bayan minti 2.

Maganar lokaci kuwa, idan VF ne kuma babu mai danni, duk minti ɗaya da ya wuce ba a yi shokin ba damar rayuwa tana raguwa da kamar kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Masu kallon ƙwallo sun ga wannan da idonsu. Ran 12 ga Yuni 2021 Christian Eriksen ya faɗi a fili a Kofanhegan ana wasan Denmak da Finlan, aka hau ƙirjinsa a take aka yi masa shokin a wurin, ga shi ya dawo har ya ci gaba da buga ƙwallo. Mu kuma har yau muna tuna Samuel Okwaraji da ya faɗi a filin wasa na Surulere a Legas ran 12 ga Agusta 1989 ana wasa da Angola, bai tashi ba. Tun 1965 wani likita a Belfast, Frank Pantridge, ya gane cewa jiran a kawo mara lafiya wurin inji shi yake kashe mutane, sai ya haɗa injin da za a iya sawa a motar asibiti a kai shi wurin mara lafiya. Wajen shekara sittin kenan, amma har yanzu a wurare da yawa namu injin yana ofis a kulle.

Wannan ya taɓa faruwa dani a wani asibiti da na yi aiki. Wani magidanci da bai wuce shekara 50 ba aka kawo da ciwon ƙirji, yana zaune yana min bayani sai idonsa ya juye. Monita ta nuna VF ƙarara, irin wanda shokin ɗaya yake iya dawo da shi. Muka hau danni, na aika a ɗauko inji, ashe yana ofishin da aka kulle, mai makullin ya tashi daga aiki. Da aka ɓalle ƙofar aka kawo shi batir ya mutu, ga ba wuta, kafin a tada janareta layin ya riga ya miƙe. Duk wanda yake ɗakin nan ya san aikinsa, biyu daga cikinmu ma muna da katin ACLS a aljihu. Na daɗe ban yi barci mai kyau ba bayan wannan daren, kuma tun daga ranar duk inda na je aiki abin da nake fara tambaya shine ina injin yake, wa yake duba cajinsa.

Magunguna ba su da yawa kamar yadda ake zato. Adrenalin miligiram 1 ta jijiya duk minti 3 zuwa 5. Namu yawanci ƙaramar kwalba ce mai miligiram 1 a mil 1, sai ki ja ki cika da ruwan gishiri ya zama mil 10, ki tura, ki bi shi da mil 20 na ruwa ki ɗaga hannun, in ba haka ba a dantse zai zauna tunda jinin ba gudu yake ba. Idan layi miƙe ne ko PEA a bada shi da wuri-wuri, idan VF ne shokin ne a gaba, a tsarin Amurka sai bayan shokin na biyu ake bada adrenalin, a na Ingila bayan na uku. Idan VF ya ƙi ji har an yi shokin uku sai amiyodaron miligiram 300, daga baya 150, idan babu shi lidoken ma yana yi, miligiram 1 zuwa 1.5 kan kowane kilo, kuma shi kusan ko wane asibiti akwai shi, a tabbatar dai ba wanda aka haɗa da adrenalin na ɗinki bane. Shi kansa adrenalin ɗin kar ki ɗauka sihiri ne. An yi wani babban bincike a Ingila mai suna PARAMEDIC2 da aka wallafa a 2018, mutum sama da 8,000 da zuciyarsu ta tsaya a wajen asibiti, waɗanda aka bawa adrenalin kashi 3.2 cikin ɗari suka kai kwana 30 a raye, waɗanda aka bawa ruwan gishiri kashi 2.4, amma wajen fita da ƙwaƙwalwa lafiya ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba. Yana taimakawa zuciya ta dawo, ita kuwa ƙwaƙwalwa danni mai kyau da shokin da wuri ne suke tsare ta. Sannan akwai abubuwan da muka gada muke yi ba tare da tambaya ba, da zarar mutum ya ɗauke sai a ce a kawo haidirokotison, a zuba bikabonet, wani har yanzu yana soka doguwar allura ta ƙirji wai ya kai adrenalin cikin zuciya. Atrofin ma tun 2010 aka cire shi daga tsarin layi miƙe da PEA. Ana can ana neman waɗannan ana fasa kwalabe, ƙirjin kuma ba kowa a kai.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne, domin shine amsar maganarki ta rashin kayan aiki. A cikin asibiti, ko a ƙasashen da suka ci gaba, mafi yawan tsayawar zuciya ba irin wadda ake yi wa shokin bace. Mu a nan kuwa abin da na fi gani PEA ne da layi miƙe, kuma kusan kullum akwai dalili a bayansa wanda da an kama shi da an tsira. Kwas ɗin zai sa ki haddace dalilai goma da ake iya gyarawa, ni dai ina gaya wa ɗalibaina su fassara su zuwa marasa lafiyar da suke gani kullum. Ƙarancin jini ko ruwa a jiki: mai jego da ta zubar da jini, ɗan acaɓa da mota ta buge jini yana taruwa a cikinsa, mai amai da gudawa lokacin damina. Wannan ko adrenalin ɗin duniya kika zuba masa babu abin da zai yi, zuciya ce take matsa fanko, kanula biyu manya da ruwa da jini da tsayar da zubar shine maganin. Ƙarancin oksijin: yaro ko babba mai namoniya, silinda ta ƙare ba wanda ya lura. Fotasiyam ya hau: mai ciwon ƙoda da ya kwana biyu bai samu wankin ƙoda ba saboda kuɗi, shi kalsiyam ne zai riƙe zuciyarsa, sai insulin yunit 10 da gulukos giram 25 su tura fotasiyam ɗin cikin ƙwayoyin jiki. Iska ta taru a ƙirji ta danne huhu da zuciya bayan hatsari ko sara, allura ɗaya mai kauri a wurin da ya dace ta isa ta dawo da mutum. Ruwa ya taru a jakar zuciya, wanda tarin fuka yake yawan kawowa a yankinmu. Guba, irin fiya-fiya da maganin feshin gona, inda atrofin mai yawa shine maganin, ko yaran da suka sha ƙwaya ta danne musu numfashi. Gudan jini a huhu ko a jijiyar zuciya. Kin ga a duk waɗannan injin shokin bai shigo ba, kai ne da hannu da kanula.

Mai ciki kuma tata daban ce, kuma mu da muke da haihuwa da yawa dole mu iya. Idan cikin ya kai cibiya ko ya wuce, mahaifa tana danne babbar jijiyar da take maido da jini zuciya, to mutum ɗaya aikinsa kawai ya tura cikin gefen hagu da hannu ana danni. Shokin ana yi mata kamar kowa. Idan minti 4 ya wuce bata dawo ba a fara shirin ciro jaririn a nan inda take, burin a ciro shi zuwa minti 5, ba sai an tura ta tiyata ba, kuma dan ceton uwar ake yi kafin ma a zo kan ɗan. Ga kuma ciwon zuciyar masu jego da ya yi yawa a ƙasar Hausa, wanda tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa, daga baya Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranci babban bincike a kai a faɗin Najeriya. Mai jego ta zo da kumburin ƙafa da haki bata iya kwanciya flat, kar a ce gajiyar haihuwa ce a bata maganin ƙarin jini ta tafi.

Wannan ya kawo ni kan rabin kwas ɗin da ba a cika magana a kai ba, wato mutumin da zuciyarsa bata tsaya ba tukuna. Bugu ya yi ƙasa sosai mutum yana jiri jininsa ya faɗi, atrofin miligiram 1 ana maimaitawa har jimla ta kai miligiram 3, idan bai ji ba a ɗaura adrenalin ko dofamin a ruwa ko a sa masa fesin ta fata, wato injin da yake tura wuta kaɗan-kaɗan yana jan bugun zuciyar. Bugu ya haura 150 mutum yana neman suma, shokin mai daidaitawa da bugun, idan kuma yana cikin hayyacinsa kuma layin siriri ne mai tsari, adenosin miligiram 6 a tura da sauri sannan 12. Mai ciwon ƙirji a yi masa ECG, wato gwajin wutar zuciya, cikin minti 10 da shigowarsa, a bashi asfirin ya tauna. Gaskiyar magana mafi yawan waɗanda suke ɗaukewa a gadon asibiti sun yi awanni suna nuna alama, numfashi ya ƙaru, jini yana sauka a hankali, fitsari ya ragu, mutum ya fara sambatu, an rubuta a fayil amma ba wanda ya ɗaga murya. Ku nas-nas ku ne kuke ganin wannan kafin kowa. Ƙirga numfashi na cikakken minti ɗaya ba ya buƙatar NEPA.

Sai aiki tare, kuma a nan al'adarmu take ɗan ba mu wahala. An tarbiyyantar da mu ba a gyara wa babba, nas bata gaya wa kwansaltan ya yi kuskure, ƙaramin likita yana jiran Oga ya iso kafin ya taɓa komai. A wurin farfaɗo da zuciya wannan kunyar tana kashe mutum. Mutum ɗaya ne shugaba, ya tsaya a ƙafar gado hannunsa baya taɓa komai yana kallon kowa, ya kira suna yace Sista wance bada adrenalin miligiram 1, ke kuma ki maimaita da baki kice adrenalin miligiram 1, idan ya shiga kice ya shiga, mai agogo ya rubuta. Ba wai "a kawo adrenalin" a iska ba, mutum biyar su ruga ko kuma kowa ya zata wani ya tafi. Idan kin ga Oga zai buga shokin a kan layi miƙe ko danninsa ya yi sanyi, cikin ladabi kice ranka ya daɗe a canza hannu, kuma wanda aka horar da shi da kyau godiya zai yi miki. A jarabawar ƙarshe kowa sai ya jagoranci tawaga, nas ko likita, a kawo miki labari yana canzawa daga wannan bugun zuwa wancan. Na sha ganin nas ɗin imajensi ta fi manyan likitoci natsuwa a wurin.

Idan bugu ya dawo ba a gama ba, a nan ma muke rasa mutane da yawa, kowa ya ja numfashi a watse, bayan minti 20 ta sake tsayawa. A riƙe hawan jini na sama kar ya sauka ƙasa da 90, a daidaita oksijin kar ya yi ƙasa kar kuma a cika shi ba dalili, a yi ECG mai waya 12, a duba suga, a hana zazzaɓi ko ta halin ƙaƙa domin zafi yana ƙara lalata ƙwaƙwalwar da ta sha wuya, a kuma ci gaba da neman dalilin. Idan sai an tura shi wani asibiti a kira su tukuna, kuma ma'aikaci ya bi shi da ambu da adrenalin.

Mafi yawan lokuta kuma ba zai dawo ba, gara in gaya miki tun yanzu dan kar ki zata ke kika gaza. Sanin lokacin dainawa shi ma ilimi ne, kuma akwai wanda tun farko bai kamata a hau ƙirjinsa ba, kamar tsohon da daji ya cinye shi iyalansa sun san inda aka dosa. 'Yan'uwa kuma suna bakin ƙofa, wani zai ce ku ƙyale shi ya cika cikin salama kuna wahalar da shi, wani yana so ya shigo ya laƙƙana masa kalmar shahada. Ni bana korarsu gaba ɗaya, nakan sa ma'aikaci ɗaya ya tsaya da babba a cikinsu yana masa bayanin abin da muke yi da Hausa, idan akwai wuri a barshi ya tsaya ta wajen kai yana masa addu'a, sai lokacin shokin a ja shi baya. Ajali na Allah ne ba mai ja da wannan, mu dai ba mu san wanne ne ajalin ba sai mun yi iya namu.

Game da kuɗinki, ki bincika kafin ki biya. Idan sun ce na AHA ne to su zama cibiyar da AHA ta amince da ita, katin na intanet ne mai lamba da ake iya tantancewa a shafinsu, kuma shekara 2 yake yi. Na Ingila shekara 4. Idan kina da niyyar fita aiki waje ki tambayi wanda ƙasar take karɓa, ƙasashen Larabawa sun fi sanin na AHA, Ingila kuma nasu suke so. Ki tambaya mutum nawa ne a kan mutum-mutumi ɗaya, akwai injin shokin na gaske da za ki taɓa da hannunki, littafin na wace shekara ne. Duk kwas ɗin da za a tara mutum 60 a hol a yi ta nuna hotuna a bango a raba satifiket da yamma, ko wanda aka ce a waya kawai za ki gama ba gwajin hannu, ki riƙe kuɗinki. Akwai gwajin share fage da ake yi kafin a zo, sai rubutacciyar jarabawa da ake son kashi 84, dan haka ki samu sati biyu kina duba hotunan ECG da magungunan nan, kar ki je kina ganinsu karon farko. Ki kuma gwada rubuta wa shugabannin asibitinku ko za su biya ko da rabi, ku nemi ku je ku biyu ko uku daga ɗaki ɗaya, mutum ɗaya da ya iya a cikin goma da basu iya ba wahala kawai zai sha.

Hannu kuma yana mantuwa, cikin wata 3 zuwa 6 ƙwarewar take fara zubewa idan ba a maimaitawa, tun kafin katin ya yi rabin wa'adinsa. Abin da muke yi a wurinmu, minti 15 sau ɗaya a sati lokacin miƙa aiki na safe, a shimfiɗa mutum-mutumi ko ma filo a kan benci, wani ya kawo labari, a raba aiki, a sa agogo, har masu shara da masu tura gado muna sa su danni domin da daddare su ne a kusa. Tirolin gaggawa kuma a samu takarda a manna a jikinsa, duk mai karɓar aiki ya duba ya sa hannu, adrenalin nawa ne kuma bai lalace ba, ambu da abin rufe fuska na manya da na yara, kanula, sirinji, ruwa, katakon baya, kuma kar a ce sai 'yan'uwa sun je famasi sun siyo adrenalin kafin a fara, a yi amfani da na tiroli a cike gurbin daga baya.

Shi kuma injin naku da kika ce baki taɓa gani an kunna ba, gobe idan kin shiga aiki ki je wurin metiron ki roƙa a fito da shi. Ki jona shi a wuta ki ga ko yana caji, ki cire ki ga minti nawa batirin yake riƙewa, ki duba ko akwai man shafawa ko faci ɗinsa da ake mannawa a ƙirji kuma basu bushe ba, yawancinsu suna da maɓallin gwada kai. Idan yana aiki a nemo masa wuri a imajensi kusa da soket inda ba makulli. Ki turo min sunan kamfanin da lambar samfurin, zan gaya miki jul nawa ake sa shi da yadda ake gwajinsa.